Hedifon na tsayayyar lantarki

Hedifon na tsayayyar lantarki, ko hedifon elektirostatik, wani nau'in lasifikar kunne ne da ke fitar da sauti ba tare da maganaɗisu ko naɗin waya ba. A cikin kowane kunne nasa akwai wani tantanin roba mai matuƙar siranta, wanda aka ɗame shi tsakanin farantai biyu masu huji-huji. Ana ɗora wa tantanin cajin lantarki, sannan a riƙa sauya boltej ɗin farantan daidai da yadda sauti ke sauyawa, sai tantanin ya yi ta kai da komo yana kaɗa iska. Da yake wannan aiki yana buƙatar ɗaruruwan bolt, irin wannan hedifon ba ya aiki idan aka soka shi a wayar hannu ko kwamfuta. Dole sai da amfilifaya tasa ta musamman, shi ya sa masu harkar sauti ke ɗaukar su biyun a matsayin na'ura guda. Kamfanin Stax na ƙasar Japan ne ya fara sayar da shi a shekarar 1960, kuma har yanzu sunansa ne ya fi fita a wannan fanni.

Suna

Kalmar elektirostatik ta samo asali daga kalmomin Girkanci biyu. Ta farko, elektron, sunan wani daskararren ƙaron itace ne da Girkawan dā suka lura cewa idan an goga shi da ulu yana janyo ƙananan abubuwa kamar gashin tsuntsu. Ta biyu tana da ma'anar abin da ke tsaye. Wato dai lantarki ce wadda ta taru a jikin abu ta zauna, saɓanin wadda ke gudu cikin waya. Duk wanda ya taɓa jin ƙyas-ƙyas a jikin bargo ko rigar nailan da daddare lokacin hunturu ya riga ya gamu da ita.

A Hausar yau da kullum ana cewa iyafis ga kusan duk abin da ake sawa a kunne, ƙarami ko babba, wasu kuma su ce hedifon ga wanda ke da baka a saman kai. A wannan maƙala an yi amfani da hedifon, domin galibin na wannan nau'i manya ne masu rufe kunne gaba ɗaya. Shi kuwa kamfanin Stax yana kiran kayansa da wata kalmar Ingilishi da ya ƙirƙira, Earspeaker, wadda ke nufin lasifikar kunne.

Yadda yake aiki

Hedifon da aka saba gani yana da maganaɗisu da ɗan koyil na siririyar waya manne da fatar da ke kaɗawa. Wuta na bi ta koyil ɗin, koyil ya motsa, ya ja fatar. Ƙarfin yana shiga ne ta wuri guda, sauran fatar kuma ta biyo baya, kuma nauyin koyil ɗin na cikin abin da dole a tura a kuma tsayar.

A hedifon na tsayayyar lantarki abubuwa uku ne ke aikin. Akwai tantani, wanda ake yi da robar foliyesta, danginsu ɗaya da robar gorar ruwan sha. Kaurinsa yakan kasance tsakanin maikuron 1 zuwa 2, alhali gashin kan mutum yana kai wa wajen maikuron 70. Akwai kuma farantai biyu, ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa, waɗanda ba sa motsi. Ana yin su da ƙarfe, ko da gilashi ko yumɓu da aka shafa wa zinare, kuma an huhhuda su domin sauti ya samu hanyar fita. A hedifon na Stax na zamani tazarar da ke tsakanin tantani da kowane faranti rabin milimita ce.

Ana haɗa tantanin da wani boltej da ba ya sauyawa, wanda ake kira bayas. Aikinsa kawai ya cika tantanin da caji. Su kuma farantan ana aika musu da siginar sauti, amma a kishiyance: lokacin da na gaba ya zama fozitif, na baya ya zama negatif daidai gwargwado. Caji iri ɗaya suna tunkuɗe juna, mabambanta kuma suna janyo juna, dokar da Charles-Augustin de Coulomb na Faransa ya auna a 1785. Saboda haka faranti ɗaya yana tura tantanin, ɗayan yana jan sa, a lokaci guda. Da siginar ta juya, sai motsin ya juya.

Akwai wata dabara da ke ɓoye a nan wadda ingancin sautin ya dogara a kanta. Ƙarfin jan da ke tsakanin abubuwa biyu masu caji yana ƙaruwa sosai idan suka matso kusa da juna. Da faranti ɗaya ne kawai, da tantanin zai fi karkata gefe guda, sautin ya jirkice. Farantai biyu suna rage wannan. Sauran gyaran yana zuwa ne daga abin da ake shafa wa tantanin: wani sinadari ne da ke barin lantarki ta bi ta cikinsa da ƙyar. Tunda cajin ba ya iya zirga-zirga da sauri, yawansa yana zama daram duk inda tantanin ya karkata, sai ƙarfin da ke tura shi ya dogara ga siginar sauti kaɗai. Frederick V. Hunt na Jami'ar Harvard ya yi bayanin wannan lissafi a littafinsa na 1954, kuma a kan wannan ƙa'ida Peter Walker ya gina lasifikar Quad ESL a Ingila a 1957.

Sakamakon shi ne ƙarfin turawa yana bazuwa a duk faɗin tantanin, kuma tantanin ba shi da wani nauyin kirki idan aka kwatanta da iskar da ke kewaye da shi. Iskar ce ma ke taka masa birki, don haka yana tashi da wuri, yana tsayawa da wuri.

Dalilin buƙatar amfilifaya ta musamman

Ta fuskar lantarki, farantai biyu da iska a tsakaninsu kafasita ce. Wannan shi ne tushen duk wahalar. Hedifon na gama-gari yana aiki da bolt 1 ko ƙasa da haka, kuma abin da yake nema a wurin amfilifaya shi ne kwararar wuta. Na tsayayyar lantarki kuwa yana buƙatar wajen bolt 100 kafin ya ba da sauti mai ƙarfin desibel 100, ban da bayas ɗin da ake ba tantani. Siginar da ke fitowa daga na'urar kunna faifan CD ba ta wuce bolt 2 ba. Shi ya sa amfilifayoyin Stax ke ninka sigina sau 500 ko sau 1,000, kuma mafi yawansu suna iya fitar da abin da ya kama daga bolt 280 zuwa sama da 450.

Mutum zai iya zaton tunda kafasita ba ta cin wuta kamar kwan fitila, boltej kaɗai ya isa. Lissafi ya nuna akasin haka. Girman kafasitar irin wannan hedifon, haɗe da igiyarsa, yana kai wa fikofarad 110 zuwa 120. Kafasita tana tare sauti mai kauri, amma tana buɗe hanya ga sauti mai kaifi. A kaɗawa 100 cikin daƙiƙa, turjiyarta ta haura om miliyan 13, wutar da za ta ja ba ta taka kara ta karya ba. A kaɗawa 20,000 cikin daƙiƙa, wato iyakar jin ɗan Adam, turjiyar ta sauko zuwa wajen om 66,000. Idan ana so a ba ta bolt 300 a nan, sai amfilifaya ta zuba mata kusan miliamfiya 4.5, kuma boltej ɗin ya iya tashi da saurin da ya wuce bolt 50 cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Miliamfiya 4.5 ba wani abu ba ne a amfilifayar lasifikar masallaci. A ɗaruruwan bolt kuwa, samun kayan da za su jure boltej ɗin, su yi sauri, kuma su ƙi jirkita sauti, shi ne aikin.

Sannan kowane kunne yana da farantai biyu da ke buƙatar sigina a kishiyance, don haka amfilifayar tana da mafita huɗu, kowace da nata kayan. Kusan dukkansu ana gina su ne a tsarin da injiniyoyi ke kira aji na A, inda wuta ke gudana a kullum ko ana kiɗa ko ba a yi. Wannan ne ya sa suke ɗaukar zafi, suke da nauyi, suke kuma da tsada.

Ire-iren amfilifayar

Hanya mafi tsufa ita ce akwatin taransfoma. Ana haɗa shi da mafitar amfilifayar lasifika ta gida, taransfomar da ke ciki ta ɗaga boltej sau 25 ko fiye, wani ɗan sashe kuma ya samar da bayas. Akwatunan Stax masu lamba SRD, irin su SRD-7, sun yi tashe a shekarun 1970 da 1980. Wasu suna ɗaukar wutar bayas daga soket ɗin bango, wasu kuma daga siginar kiɗan kanta. Hanya ce mai sauƙin kuɗi ga wanda ya riga ya mallaki amfilifaya mai kyau, sai dai ingancin sautin ba ya wuce ingancin taransfomar. Ƙaramar taransfoma tana shaƙewa da sauti mai kauri idan an ƙure murya.

Hanya ta biyu ita ce amfilifayar da ke tura farantan kai tsaye. Wasu ana yin su da bawul, wato kwalbar gilashin nan mai haske da ke cikin tsofaffin rediyo. Bawul ya dace da wannan aiki tun asali, domin an ƙera shi ne ya yi aiki da babban boltej da ƙaramar kwararar wuta. Stax ya daɗe yana amfani da bawul mai lamba 6FQ7 a amfilifayoyi irin su SRM-T1 da SRM-007t, ya kuma sa EL34 a SRM-T2 ta 1994, wadda har yau ake ambatonta cikin manya. Wasu kuma ana yin su da taransistoci masu jure babban boltej, ko a haɗa biyun: taransisto a mashiga, bawul a mafita.

Wani abin lura a tarihin waɗannan amfilifayoyi shi ne rawar da masu haɗawa da hannu suka taka. Kevin Gilmore, injiniya a Jami'ar Northwestern da ke Amurka, ya zana da'irori da dama ya sake su kyauta ga duk mai son haɗawa, cikinsu akwai KGSS da Blue Hawaii da KGSSHV Carbon. Babban abin da zanensa ya dage a kai shi ne a ba matakin ƙarshe na amfilifaya isasshiyar wuta, a kuma maye gurbin rezistocin da ke shanye ta da wata da'ira mai riƙe kwararar wuta daram. Kamfanin HeadAmp na Amurka yana ƙera Blue Hawaii Special Edition, mai bawul EL34 guda huɗu, bisa wannan zane.

Ana muhawara a kan ko babbar amfilifaya tana sauya sauti yadda masu ita ke faɗa. Lissafin da ke sama ya nuna inda bambanci zai iya fitowa: a sauti mai kaifi idan an ɗaga murya, da kuma a hedifon da ke buƙatar boltej mai yawa, kamar SR-007. Amma kiɗa na gaskiya ba ya ɗauke da ƙarfi mai yawa a can saman, kuma wanda ke sauraro a matsakaiciyar murya ba ya kusantar iyakar ko da ƙaramar amfilifaya. Bambancin yana nan, sai dai bai kai girman bambancin farashin ba.

Bayas da filogi

Babu ma'auni guda da duk kamfanoni suka yarda da shi. Stax ya fara da ƙaramin bayas, ya zauna a bolt 230 na tsawon shekaru, sannan a 1982 ya fito da SR-Lambda Pro mai bolt 580. Ƙarin bayas ɗin ya ba shi damar faɗaɗa tazarar farantai daga milimita 0.3 zuwa 0.5, tantani ya samu filin motsi, sauti ya ƙara ƙarfi. Filogin tsohon tsari yana da ƙafa 6, na sabon kuma ƙafa 5: huɗu na sigina, ɗaya na bayas. An yi haka da gangan. Filogi mai ƙafa 6 ba ya shiga soket mai rami 5, don kada tsohon hedifon ya sha boltej ɗin da ya fi ƙarfinsa. Sabon kuwa yana shiga tsohuwar soket, ya yi aiki, sai dai muryarsa ta yi ƙasa.

Tsarin bolt 580 ya zama kamar ma'aunin kasuwa, kuma kamfanoni irin su Audeze da Dan Clark Audio sun bi shi. Wasu suna da nasu: Koss ESP/950 yana aiki da bolt 600, Sennheiser HE 90 da bolt 500, kowanne da irin filoginsa.

Tarihi

Tunanin samar da sauti da tsayayyar lantarki ya girmi rediyo. Amos Dolbear na Amurka ya yi kan tarho mai aiki da wannan ƙa'ida wajen 1881, Edward Wente kuma ya ƙirƙiro makirfo na kafasita a 1916. Abin da ya hana ci gaba shi ne rashin tantani mai siranta da ƙarfi, har sai da aka samu ledar foliyesta a shekarun 1950.

Naotake Hayashi ya kafa kamfanin da ya zama Stax a 1938. Ya nuna hedifon SR-1 a 1959, aka fara sayar da shi a 1960. Koss na birnin Milwaukee ya biyo baya da ESP/6 a 1968, wanda aka sa masa taransfoma a cikin kunnuwansa, abin da ya sa ya yi nauyi a ka. Stax ya fito da SR-Lambda mai siffar akwati a 1979, siffar da har yanzu bai bari ba, sai SR-Omega a 1993. Kamfanin ya durƙushe a 1995, wasu ma'aikatansa suka farfaɗo da shi a shekarar da ta biyo, suka fitar da SR-007 a 1998 da SR-009 a 2011. A ƙarshen 2011 kamfanin Edifier na ƙasar Sin ya saye shi, amma ana ci gaba da ƙera manyan kayansa a lardin Saitama na Japan. SR-X9000 ya fito a 2021.

A Jamus, Sennheiser ya yi Orpheus a 1991, wato hedifon HE 90 da amfilifayar bawul HEV 90, guda 300 kacal. Magajinsa, HE 1, ya fito a 2015 a kan kuɗi kusan Yuro 50,000. Gidan amfilifayarsa na dutsen marmara ne daga Carrara ta Italiya, amma abin da ya fi muhimmanci a fasahance shi ne an sa matakin ƙarshe na amfilifayar a cikin kunnuwan hedifon ɗin. Da haka babban boltej ɗin sigina ba ya bin doguwar igiya, wadda ita kanta tana da kaso mai yawa na kafasitar da ake fama da ita. A wannan shekara kuma Shure ya fitar da KSE1500, ƙaramin da ake cusawa cikin kunne, tare da amfilifayar aljihu mai batir.

Rashin maganaɗisu ya ba wannan nau'i wani amfani a asibiti. Na'urar ɗaukar hoton jiki ta MRI ƙaton maganaɗisu ce, hedifon na gama-gari ba ya shiga cikinta. Masu binciken ƙwaƙwalwa da ji da harshe sun daɗe suna gyara hedifon na tsayayyar lantarki don su kunna wa mutum sauti yana cikin na'urar. Audeze CRBN na 2021 ya samo asali ne daga irin wannan aiki da aka yi tare da masu bincike na Jami'ar California da ke Los Angeles.

Kyawun sauti da rauninsa

Abin da aka fi yabon sa da shi shi ne tsabtar sauti da fitar da ƙananan bayanai, kamar numfashin mawaƙi ko gogar yatsa a kan tsirkiya. Awo ya tabbatar da cewa jirkicewar sautinsa kaɗan ce ƙwarai. Rauninsa kuma daga gininsa yake. Tantanin ba shi da filin da ya wuce rabin milimita, saboda haka sauti mai kauri yana sauka ƙasa sosai amma ba ya dukan kunne kamar na wasu manyan hedifon masu maganaɗisu. Idan matashin kunnen bai manne da kai sosai ba, saboda tabarau ko hula ko gashi, kaurin yana raguwa. Kusan dukkansu a buɗe suke ta baya: na kusa da kai yana jin abin da kake ji, kai ma kana jin hayaniyar waje. Kayan ɗaki ne, ba a yawo da su a titi.

Kulawa da haɗari

Iska busasshiya tana jure kusan bolt 3,000 a kowace milimita kafin tartsatsi ya tsallaka. A tazarar rabin milimita, bayas da sigina mai ƙarfi suna iya kusantar wannan iyaka, kuma tartsatsi guda ya isa ya huda tantanin. Ƙura da gashi suna jawo tsiyayar caji, a riƙa jin tsuwa ko kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Akwai wata siririyar leda da ke kare ciki daga ƙura da gumi, wadda bai kamata a taɓa ta ba. Laima ma tana tsiyayar da caji. A ƙasar Hausa, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, damina kuma ta zo da laima, ajiye shi a rufe wajibi ne.

Ga mai sauraro, bayas ɗin ba shi da haɗari, domin yana bi ta rezista mai kusan om miliyan 5, wadda ke taƙaita wutar zuwa kusan kashi ɗaya bisa goma na miliamfiya. Cikin amfilifayar kuwa wani abu ne daban. Akwai ɗaruruwan bolt da za su iya kisa, kuma manyan kafasitoci suna riƙe su ko bayan an kashe na'urar. Haka nan yawancin amfilifayoyin Stax na hannu da ake saye daga Japan an yi su ne don wutar bolt 100. Wutar gida a Najeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 230, don haka soka irin wannan a bango ba tare da taransfomar rage wuta ba yana ƙona ta.

Elektiret

Akwai wani ɗan uwansa da ake yawan rikita su, wato hedifon na elektiret. A nan an dasa cajin ne a cikin robar tun daga masana'anta, ba a buƙatar bayas daga waje. Gerhard Sessler da James West ne suka ƙirƙiro makirfo mai irin wannan leda a ɗakin bincike na Bell a 1962, kuma shi ne ya mamaye tarho da rikoda na tsawon shekaru. Stax da Sony da Audio-Technica duk sun yi hedifon na elektiret masu sauƙin kuɗi a shekarun 1970. Cajin yana iya raguwa da tsufa, kuma mai shi ba shi da hanyar mayar da shi. Ƙananan iyafis na yau da ake tallata su da sunan elektirostatik, waɗanda ke aiki da wayar hannu kai tsaye, galibinsu suna ɗauke ne da ɗan ƙaramin elektiret na kamfanin Sonion na ƙasar Danmak, tare da mitsitsiyar taransfoma, kuma sauti mai kaifi kaɗai yake fitarwa. Sauran sautin wasu lasifikoki masu maganaɗisu da ke cikin iyafis ɗin ne ke samar da shi.